Kafin a kawo jiragen shaƙatawa Madarunfa, ku ji abin da na gani a Ganbiye



Ranar Laraba da ta wuce, cikin shirinmu na yamma, wani matashi ya bugo waya daga nan cikin garin Maradi. Ya ce shi da abokansa sun haɗa ƴan kuɗi, suna son su sayo jirgin ruwa mai inji su kai tabkin Madarunfa, su riƙa ɗaukar mutane yawon shaƙatawa ranakun Lahadi da lokacin Salla. Ya ce sun gaji da zaman fada da shan shayi, ga ruwa Allah ya ba mu a bakin ƙofa, ba mu san darajarsa ba. Wallahi maganarsa ta burge ni. Bai daɗe da ajiye waya ba sai ga wani dattijo, masunci, daga wani ƙauye na bakin tabkin. Ya ce mini: "Ɗana, tambaya ɗaya gare ni, ka kai wa yaron nan. In injin nasa ya tsinke mini taru, wa zai biya ni?" Kafin in ce uffan layi ya katse, lokacin shiri kuma ya ƙare. Na yi alkawarin zan dawo kan maganar, to ga ni.

Bari in faɗi ra'ayina tun farko don kada wani ya ce na yi ta kewaye-kewaye. Ina goyon bayan a kawo jiragen. Amma ina cewa kada ko ɗaya ya taɓa ruwa sai an zauna an tsara yadda za a yi zirga-zirga a kan tabkin, kuma a zaman nan masunta su ne a gaba. Dalilina kuwa, na taɓa ganin wurin da aka haɗa yawon buɗe ido da kamun kifi da kasuwa da sufuri a kan ruwa guda, na ga daɗinsa na ga ciwonsa. Sunan wurin Ganbiye, a jamhuriyar Benin.

Na je Kwatano ne bayan an rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil. Kowa ya san abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023: iyaka ta rufe, mutane suka koma ƙetare kogin Kwara da kwale-kwale. Mota ta sauke mu a Gaya, muka nufi bakin ruwa. Ni ɗan tudu ne, ban iya iyo ba, ruwan da na sani shi ne na gulbi lokacin damina. Aka loda mu, aka loda kayanmu, aka ɗora babur a tsakiya, har na ga tsakanin bakin jirgin da ruwa bai kai tsawon tafin hannuna ba. Ba wanda ya ƙidaya mu. Ba wanda ya ba mu rigar ceto, wadda muke kira jile. Wata baiwar Allah kusa da ni ta ɗaure jaririnta a baya tana ta salati har muka kai. Da na taka ƙasa sai na ji ƙafafuna suna rawa. Masu fiton ba su yi mana mugunta ba, neman abincinsu suke, kuma ba don su ba da ba mu ƙetare ba. Abin da babu a wurin shi ne mai cewa "ya isa haka, kada a ƙara mutum".

Daga Malanbil zuwa Kwatano tafiyar fiye da kilomita 700 ce, ta Kandi da Paraku. Da na gama abin da ya kai ni, wani ɗan uwa da ke kasuwanci a Zango ya ce ba zan koma gida ba sai na ga garin da ke kan ruwa. Muka tafi Abome-Kalabi, inda tashar jiragen take.

Ga waɗanda ba su sani ba, bayan birnin Kwatano akwai wani babban tabki da ake kira Nokuwe. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 150 lokacin rani, in ruwa ya cika kuma ya ninka haka. Kogin Weme da kogin So ne ke zuba masa ruwan daɗi daga arewa, ta kudu kuma yana haɗe da teku. Ba shi da zurfi sosai, wurare da dama mai jirgi da gora yake tunkuɗa ƙasa. A cikin tabkin nan ne ƙabilar Tofinu suka kafa garin Ganbiye shekaru ɗaruruwa da suka wuce, suna gudun mayaƙan masarautar Dahome masu kama bayi. Labarin da ake bayarwa shi ne al'adar mayaƙan ta hana su bin mutum cikin ruwa, sai mutanen suka kafa turaku cikin tabki suka ɗora ɗakunansu a kai. Yau dubban mutane ne ke zaune a wurin. Akwai masallaci, akwai coci, akwai lakwal, akwai kasuwa. Kasuwar ma a kan ruwa take ci, kowace mata da kwale-kwalenta da tumatirinta da gawayinta. Yaron da bai kai shekara bakwai ba za ka gan shi shi kaɗai yana tuƙi kamar yadda namu ke tuƙa keke. Tun 1996 garin ke cikin jerin wuraren da Benin ta gabatar wa UNESCO don a sa su cikin kayan tarihin duniya, kuma a shekarar 2000 aka sa tabkin cikin wuraren dausayi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar.

Abin da ya fara burge ni shi ne tashar. Akwai wurin sayen tikiti, kuɗin a rubuce, ba ciniki ba jayayya. Ka zaɓi mai inji in kana sauri, ko na hannu in kana son tafiya a hankali. A ba ka mai jagora ɗan garin. Kun ga a nan baƙo bai ji an cuce shi ba, masu jirage kuma ba su yi kokawa a kansa ba. Wannan kaɗai darasi ne, don mu nan ko a tashar mota sai an ja maka riga an ja maka jaka.

Amma da muka shiga ruwa sai na fara ganin ɗaya fuskar. Mu muka ɗauki mai inji. Muna cikin tafiya muka iske wata mata da ƴarta cikin ƙaramin kwale-kwale, sun cika shi da bidodin ruwan sha. E, ruwan sha, domin wanda suke zaune a kai ba ya shayuwa, sai sun je famfo sun sayo. Matuƙinmu bai rage gudu ba. Igiyar ruwan da injinmu ya tayar ta bugi jirginsu, ya karkata, ruwa ya shiga, yarinyar ta kama kwarfewa da ƙoƙo. Matar ta ɗaga murya ta faɗi wata magana da harshensu. Ban ji abin da ta ce ba, amma ba sai an fassara mini ba. Ni na biya kuɗi don in huta, ita kuwa tana kan hanyar kai wa iyalinta ruwa, kuma hutuna ya kusa juye mata wahalar yini guda. Tun daga nan na daina jin daɗin yawon.

Cikin garin ma na lura mata da yawa, da sun hango jirgin baƙi sai su juya baya ko su rufe fuska da malafa. Mai jagoranmu ya ce sun gaji da ɗaukar hoto. Ku yi tunani, ke uwar gida kina wanke-wanke a tsakar gidanki, kullum sai baƙi sun leƙo sun ɗauke ki hoto sun wuce, ba sallama ba godiya, kuɗin da suka biya kuma ba ki san inda ya shiga ba. Wace ce za ta yarda?

Sai maganar hanya. Mu ƴan tudu muna ɗauka ruwa fili ne, ko'ina ka ga dama ka bi. Ba haka ba ne. Masuntan Nokuwe suna da wata dabara da suke kira akaja: su saro rassan itace su kafa cikin laka jingim, su kewaye wuri kamar gona. Ƙananan tsirrai su fito jikin rassan, kifi, musamman karfasa, ya shigo ya ci ya ɓuya ya hayayyafa. Bayan watanni su zagaye wurin da taru, su cire rassan, su kwashe kifi. Dabara ce mai kyau, tana ba da kifi fiye da jefa birgi. To amma da mutane suka yi yawa, kowa ya kafa tasa, sai akaja ta cinye fili. Hanyar jirage ta matse, mai ƙarfi ya kama wuri babba, talaka mai birgi ya rasa inda zai jefa. Rassan da suka ruɓe suna taruwa a ƙasa suna cike tabkin, itacen kuma daga dazukan tudu ake saro shi. Gwamnatin Benin ta yi dokar kamun kifi a 2014, ta hana wasu hanyoyin kamu, amma rubuta doka a Kwatano daban, cire wa mutum abin da yake ci da iyalinsa daban.

Ga kuma kainuwar nan ta waje mai shuɗin fure, wadda asalinta daga Kudancin Amurka take, irin wadda ƴan Yamai suka sani a kan kogi. In ruwan Weme ya sauko wajen watan Satumba da Oktoba, tabkin ya koma ruwan daɗi, sai ta bazu ta rufe hanyoyi, ta naɗe farfelar inji, mai jirgin hannu kuwa ya yi ta fama. In rani ya yi, ruwan teku ya shigo da gishirinsa, sai ta mutu ta nutse ta ruɓe. Hausawa na cewa kainuwa dashen Allah, to wannan dai mutum ne ya ɗauko ta daga wata nahiya. Na ga inda mata ke tsamo ta su shanya, ana yin kwanduna da taki da ita, har da wani abu mai tsotse man da ya zube. Wannan ya nuna in an yi tunani, abin da ya toshe hanya ma yana iya zama sana'a.

Akwai man fetur kuma. Ta ruwan nan ake shigo da esansin fasa-ƙwauri daga Najeriya, wanda suke kira payo, cikin bidodi. Wani ya fashe, wani ya zube, ga na injunan jirage. Ga sharar birni da ta kasuwar Dantokpa da ke bakin mashigin. Duk a ruwan da yara ke wanka, a ruwan da kifin da ake ci yake.

Amma labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na mashigin Kwatano. A 1885 aka haƙa hanya tsakanin tabkin da teku don ruwan ambaliya ya samu mafita. Da farko yashin teku kan toshe bakin mashigin lokaci-lokaci, sai ya sake buɗewa. Da aka gina tashar jiragen ruwa ta Kwatano a farkon shekarun 1960, wannan tashar da kayanmu na Nijar suka daɗe suna bi, sai tafiyar yashin gaɓar ta canza, bakin ya zauna a buɗe. Gishiri ya ƙaru cikin tabkin, wasu kifayen suka ragu, wata tsutsar ruwan gishiri mai cin itace ta shiga cinye rassan akaja da turakun gidaje. Waɗanda suka yi ayyukan nan biyu ba su yi da nufin cutar masunci ba, kowanne da dalilinsa mai kyau. Sai dai ba a tambayi mutanen cikin ruwan ba, kuma jikokinsu ne ke biyan kuɗin har yau. Abin da ka yi wa ruwa yakan daɗe fiye da kai.

To, mu dawo gida. Wani zai ce ina ruwan Madarunfa da tabkin bakin teku? Mu ba mu da teku, ba mu da gishiri, ba mu da gari a kan turaku. Gaskiya ne. Amma rigimar iri ɗaya ce: ruwa guda, masu buƙata da yawa. A Madarunfa, kilomita 20 da ƴan kai daga Maradi, akwai masunci da tarunsa da mamarinsa. Akwai mai lambu da ke bin ruwa yana shuka in ya janye. Akwai makiyayi da ke kawo shanu shan ruwa. Akwai masu zuwa ziyarar kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da tabkin, waɗanda ba za su so kiɗa da ihu a kusa da su ba. Akwai tsuntsayen da ke zuwa daga nesa lokacin sanyi. Yanzu ga mai jirgin shaƙatawa zai shigo. Haka abin yake a Tabalak ta jihar Tawa, haka a Gidimuni ta jihar Damagaram. Dukansu uku suna cikin jerin Ramsar kamar Nokuwe, Tabalak tun 2005, sauran biyun daga baya. Kuma namu sun fi nasu rauni, domin ƙanana ne, ruwan damina suke jira, yashi na cike su kowace shekara. Mutanen gulbin Maradi sun san yadda ruwa ya canza tun da aka gina madatsar Jibiya a can jihar Katsina. Ke nan mu ma mun taɓa ɗanɗana aikin da aka yi a wani wuri ya sauka a kanmu.

Maganar rai kuma ba sai mun je Benin ba. A watan Fabrairun 2019 jirgi ya kife a kan kogin Kwara wajen Sambera, jihar Doso, ɗauke da masu zuwa cin kasuwa, mutum fiye da 40 suka ɓace. A maƙwabta, hatsarin da aka yi a jihar Kebbi a watan Mayun 2021 da na jihar Kwara a watan Yunin 2023, kowanne an yi maganar mutum fiye da 100. In ka bi labaran nan za ka iske abubuwan da ake ambata ba sa canzawa: lodi ya wuce kima, jirgi ya tsufa, an yi tafiyar dare ko cikin iska, ba jile. Waɗancan ma tafiyar dole ce ta kai su. Ina ga yaran da za mu ɗora a jirgi ranar Salla don nishaɗi kawai, sun sha sababbin kaya, kowa na son ya miƙe tsaye ya ɗauki hoto da waya, duk su koma gefe guda? Wace amsa za mu ba iyayensu?

Na san abin da wasu za su ce, don na sha jin sa a waya. Na farko, "in ajali ya zo ko da jile sai an tafi." Haka ne, ba mai musun ƙaddara. Amma malamanmu sun koya mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Wanda ke kulle shagonsa da kwaɗo biyu kowane dare bai kamata ya kawo mana wa'azin ƙaddara in an zo maganar ran ɗan wani ba.

Na biyu, "jile tsada gare ta, talaka ina ya ga kuɗin?" Wannan magana ce mai nauyi in ana zancen masunci mai ƙaramin kwale-kwale, kuma shi ya kamata a taimaka masa. Amma wanda ya iya sayen jirgi da inji don ya ɗauki fasinja, kuɗin riguna ashirin ba zai gagare shi ba. Ya lissafa su cikin jari kamar yadda ya lissafa mai. In jarin bai kai ba, to lokacin fara sana'ar ne bai yi ba.

Na uku, kuma wannan ita ce ta fi ƙarfi: "da an ce doka, an buɗe wa wasu hanyar karɓar na goro." Ban ƙi ba. Duk wanda ya taɓa bin hanya da kaya ya san yadda takarda ke zama abin tatsa. Shi ya sa nake cewa kada tsarin ya zama na ofis kaɗai. Mu muna da abin da ya riga ofis: sarkin ruwa. Tun kaka da kakanni shi ke cewa yau an buɗe su, yau an rufe, nan ba a shiga, wancan rami ne. Masunta na jin maganarsa don tare suke kwana suke tashi, in ya yi son kai kuma sun san ƙofar gidansa. A haɗa shi da magajin gari da ma'aikatan ruwa da gandun daji da wakilan masu lambu da makiyaya da matan da ke soya kifi da su matasan masu jirgi. Abin da aka yanke a karanta shi a rediyo da Hausa, a rubuta a allo a bakin ruwa, har da kuɗin da za a biya. Abin da kowa ya sani, da wuya a tatsi mutum da shi.

Na huɗu, "kuna kashe wa matasa gwiwa." Ko kaɗan. Ni ina son yaron nan ya yi shekara ashirin yana cin abinci da jirginsa. Hatsari ɗaya ranar Salla ya isa a hana sana'ar gaba ɗaya, shi ya tafi gidan kaso, iyaye su hana ƴaƴansu zuwa bakin tabkin. Tsarin da nake magana shi zai fara karewa.

Me nake so a yanke a zaman? Ba abubuwa ne masu wuya ba.

A fitar da hanya. A kafa alamu, ko da gora ce da tsumma mai launi, a ce nan jirgin shaƙatawa zai bi, nan wurin taru ne, nan mashayar dabbobi, nan kusa da kaburbura ba kiɗa. Inda kifi ke ƙwai da inda tsuntsaye ke sauka, inji kada ya je.

A sa wa mai inji doka ya rage gudu duk lokacin da ya kusanci kwale-kwalen hannu. Babba shi ke kauce wa ƙarami. Da matuƙinmu na Ganbiye ya san akwai wanda zai tuhume shi, da bai yi wa matar nan haka ba. Ni da so samu ne ma, a ƙaramin tabki irin Madarunfa a fara da jiragen hannu. Ba hayaƙi, ba mai a ruwa, ba ƙarar da za ta kori kifi, kuma masu tuƙin suna nan a ƙauyukan bakin ruwa.

A rubuta a jikin kowane jirgi yawan mutanen da zai ɗauka, da manyan lambobi yadda fasinja zai gani ya ƙidaya da kansa. A shafa layin fenti a gefensa, in ruwa ya taɓa layin ba a tashi. Kowane fasinja da jilensa, har da ƙanana daidai yara. Ba tashi bayan magariba, ba tashi in hadari ya haɗo. Ranakun Salla a ajiye jirgi guda a bakin ruwa da gwanayen iyo biyu ko uku daga cikin masunta, a biya su, aikinsu ke nan su zuba ido. Kafin ƴan kwana-kwana su taso daga gari, wanda ya nutse ya riga ya tafi.

A yanke tun yanzu abin da za a biya in inji ya yanke taru ko mamari, da wanda za a kai wa ƙara. Wannan ita ce amsar tambayar Baba, kuma bai kamata a bari sai abin ya faru an fara zage-zage ba.

A buɗe wurin tikiti guda, kuɗi a rubuce. Cikin kowane tikiti a ware wani kaso da zai zauna a bakin tabkin: kwashe leda, dasa itace don tare yashi, sayen jile ga masunta, zuba ƴaƴan kifi. Duk wata uku a faɗi abin da ya shigo da abin da aka kashe. Mu a rediyo mun yarda mu karanta kyauta. In masunci ya ga baƙon nan da ke wucewa yana ƙara masa wani abu, da kansa zai ɗaga masa hannu. In bai gani ba, zai juya masa baya kamar matan Ganbiye, kuma yana da gaskiya.

Su ma masunta akwai nasu. Ba zai yiwu a ce mai inji ya kiyaye ruwa, alhali wani na kama ƴaƴan kifi da sange ko taru mai ƙananan ido ba. In za a gyara, a gyara duka. Baba, ka yi haƙuri, wannan taku ce, kuma na san kun fi ni sanin masu yi.

Ga ƴan Yamai, maganar ta shafe ku fiye da kowa. Ku ke da jiragen da ke kai mutane yawo a kan kogi, har can wajen Bubon inda ake kallon dorina. Dorina ba abar wasa ba ce, musamman mai ɗa, kuma matuƙin da ke matsawa kusa don baƙo ya samu hoto mai kyau yana wasa da rayuka. Hedikwatar hukumar kula da kogin Kwara ta ƙasashe 9 a birninku take. Ba zai yi kyau a ce ana taron ƙasashe kan kogin a cikin gari, a bakin ruwan kuma ba mai ƙidaya fasinja ba.

Ba na cewa Benin ta gama gyara nata. Suna ta ƙoƙari, akwai aikin sabunta Ganbiye da suka sa gaba, amma gyaran abin da ya riga ya cakuɗe ya fi tsada, ya fi kawo rigima. Mu sa'ar da muka yi ita ce jiragen ba su zo ba tukuna. Yau in an kira zama, mutum ashirin ne ƙarƙashin itace guda, a gama kafin la'asar. In aka bari sai jirage goma sun shiga, kowa ya zuba kuɗinsa, kowa da wanda ya tsaya masa, to ko gwamna ya zo sai ya sha wuya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙanena mai jirgi, in kana karanta wannan, kada ka fara zuwa kasuwar inji. Ka hau babur ka je bakin tabkin, ka nemi gidan sarkin ruwa, ka gaishe shi, ka faɗa masa niyyarka. Ka ɗauki matuƙi cikin ƴaƴansu, su suka san inda rami yake da inda kututture ya ɓuya. Baba masunci kuma, lambarka ba ta fito mana sosai ba ranar nan. Don Allah ka sake bugowa Laraba mai zuwa bayan la'asar. Na aika wa ofishin magajin gari da ma'aikatan gandun daji gayyata, yaron ma ya ce zai zo situdiyo da kansa. Ina son ka maimaita tambayarka a gabansu, da bakinka.

Allah ya tsare mu da iyalanmu a tudu da ruwa, ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci.